Daga Adudu Zuwa Akwatin Alminiyam: Tarihin Ma'ajiyar Matafiya a Hanyar Agyaragu

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Agyaragu lokacin kakar doya, a kan lodi idonsa zai fara sauka. Ga motoci jere, 'yan dako na miƙa doya hannu zuwa hannu, wani a cikin bodi yana jera ta kamar magini. Amma in ya sunkuya ya dubi gefen babbar mota, tsakanin tayar gaba da ta baya, zai ga wani akwati manne, da kwaɗo rataye a bakinsa. A ciki akwai jak da sufana da igiya, wani lokaci har da buta da dardumar salla da 'yar tukunya. Direba kan bar wa yaron mota lodin doya gaba ɗaya ya tafi cin abinci, amma makullin akwatin nan yana cikin aljihunsa.

Yawancin waɗannan akwatuna na baƙin ƙarfe ne, masu walda suka haɗa, aka shafe da fenti. Jefi-jefi kuma akan ga wani fari mai sheƙi, mai ƙusoshi a jere, a bayan Hilux ko a saman Land Cruiser. Wannan shi ne akwatin alminiyam, wanda mutane da yawa ke kira na dalma. Galibi ba sabo ya iso ba. Ya yi wata rayuwar a wata ƙasa kafin hannun maƙerin gida ya mai da shi na hanyar Lafiya zuwa Makurɗi.

Tun kafin a ji ƙarar inji a wannan yanki, fatake na ratsa shi. Gishirin Keana da na Awe da na Azara ya ja mutane daga nesa, kuma Lafiyar Barebari, wadda Muhammadu Dunama ya kafa a ƙarshen ƙarni na 18, ta zama zango. Kayan falke a lokacin sukan shiga taiki ko mangala a bayan jaki, tufafinsa masu daraja kuma su shiga adudu, wanda aka saƙa da ciyawa ko kaba, wani lokaci a lulluɓe shi da fata. A kwarin Binuwai ƙudan tsando na kashe dabbobin dako, saboda haka kaya da yawa a ka ake ɗaukar su. Abin da ɗan dako ke nema ga mazubi shi ne ya zama marar nauyi, ya kuma hana ruwa shiga.

Sunayen da Bahaushe ya ba akwati su kansu labarin hanyoyi ne. Sanduƙi daga Larabci ya zo, ta arewa. Adaka kalma ce da ake ji a harshen Tuwi na mutanen Asante, ƙasar da 'yan Gwanja suka yi ta zuwa sayen goro. Akwati kuwa, masana harshe na danganta shi da kalmar Yarabanci mai ma'ana ɗaya, wato daga kudu ya hauro.

Layin dogo ne ya fara sauya al'amarin. Turawan mulki sun fara shimfiɗa layin gabas daga Fatakwal a 1913, ya kai Inugu a 1916 saboda kwal, ya iso Makurɗi a 1924, sannan ya ratsa ta Agyaragu da Lafiya ya tarar da Kafanchan a 1927. Kafin a buɗe gadar Makurɗi a 1932, a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragai. Da jirgin ƙasa ya zo, nauyi ya daina zama abin tsoro, sai sata da karyewa. Nan akwatin kwano mai kwaɗo ya samu shiga: na ma'aikacin reluwe, na malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, na ɗalibin makarantar kwana, har da na kayan amarya. Maƙera a birane suka koyi bugawa da hannu, suna yanka tsoffin durom da falankin kwano, suna zana furanni a murfi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Nijeriya da suka dawo daga Bama sun zo da sana'ar tuƙi da kanikanci, kuma tsoffin motocin soja suka shiga hannun 'yan kasuwa. Tare da su aka samu jarka, wadda asalinta ƙirar Jamusawa ce, da akwatin harsashi, wanda ya koma ma'ajiyar sufana. Masu haɗa bodin katako a kan Bedford, daga baya kuma Marsandi 911, suka riƙa barin gurbi a ƙasan bodi ko a saman kan direba domin akwati. Dalili a fili yake: motar da ta lalace a daji tsakanin Lafiya da Makurɗi, ba ta da kanike sai direbanta da abin da ya ɗauko.

Shi kuwa alminiyam, ta wata hanyar ya biyo. Sai a 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a ɓangarensa, suka gano yadda za a tace shi da wutar lantarki cikin araha. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe mai girma ɗaya, kuma ba ya yin jan tsatsa. Shi ya sa masu ƙera jirgin sama suka rungume shi. A Jamus, Walther Zarges ya kafa kamfaninsa a 1933, kuma bayan yaƙi akwatunan kamfanin masu lanƙwasassun kusurwa da roba a bakin murfi suka zama abin ɗaukar kayan sojoji da likitoci da masu binciken ƙasa. A Ingila ma, ƙarancin baƙin ƙarfe ne ya sa aka yi wa Land Rover ta farko jikin alminiyam a 1948, motar da daga baya ta zama ta Di'o da malaman gona da likitocin dabbobi a Arewa.

Sahara ce ta gwada akwatin ta tabbatar da shi. Motocin Citroën sun ƙetara daga Tugurt ta Aljeriya zuwa Timbuktu tsakanin Disambar 1922 da Janairun 1923. A shekarun 1970 da 1980 kuwa, hanyar Tamanrasat zuwa Agadas, Damagaram, Kano ta cika da matasan Turai, wasu 'yan yawon buɗe ido, wasu masu kawo tsohuwar Fijo su sayar a Nijar su koma gida a jirgi. Gasar Faris zuwa Dakar, da aka fara a ƙarshen 1978, ta ƙara wa abin armashi. Waɗannan matafiya sun koyi cewa jakar tufa ƙura ke cinye ta, akwatin katako girgiza ke warware shi, na baƙin ƙarfe kuma nauyinsa ke nutsar da mota a rairayi. Da yawa in tafiya ta ƙare, sukan sayar da mota da duk abin da ke kanta.

Amma abin da ya kawo akwatin kasuwa sosai shi ne gwanjo. Daga 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabon kaya ya fi ƙarfin mutane, sai kayan Baljiyam suka maye gurbi ta tashoshin Ikko da Kwatano. Cikin kwantena ɗaya da inji da giya da tsoffin tayoyi, akan tsinci akwatunan asibiti, da na makaɗa, da na soja. Wasu kuma a nan gida suke fitowa, in kamfanin gina hanya ya gama kwangila ko wata ƙungiyar agaji ta yi gwanjon kayanta. Daga nan sai hannun 'yan gwangwan, sai kasuwanni irin su Fanteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Ikko.

Sayen irin wannan akwati yana da ilimi. Mai saye da ya ƙware kan ɗora maganaɗisu a jiki. In ya manne, to kwano ne aka fesa wa farin fenti. Yakan kife akwatin ya dubi gindi ta hasken rana don ganin huji ko tsaga, ya rufe murfi ya ga ko bakin ya haɗu daidai, ya matsa robar da ɗan yatsa ya ji ko ta bushe. Lotsewa a gefe ba ta tsorata shi, gudumar katako na miƙar da ita. Tsagewa a kusurwa ce ke karya farashi. Cinikin ma yana da ƙasa da ba ya wucewa, domin mai sayarwa ya san in an ƙi saya, zai ɗora akwatin a sikeli ya karɓi kuɗin kilo.

A rumfar maƙeri aikin ke zama na gaske. Injin walda na yau da kullum ba ya jituwa da alminiyam, wanda ke narkewa a digiri 660, ƙasa da rabin zafin da baƙin ƙarfe ke buƙata, kuma ba ya yin ja ya gargaɗi mai aiki kafin ya zube. Waldarsa sai mai injin iskar agon, shi kuwa ba a kowane gari yake ba. Don haka maƙeri kan koma ga dabarar kakanni, ya yanko faci, ya huda, ya buga ƙusa ya mitsitse kanta. Ya ƙara wurin rataya kwaɗo, ya yanka tsohuwar tif ta mota ya liƙa a bakin murfi saboda ƙurar hunturu, ya shimfiɗa falanki ko katifar roba a ciki don kada sufana ta riƙa dukan gindi.

Ɗorawa a mota ita ce inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo zai huda gindin akwati ya ɗaure noti huɗu ya ce an gama. Gwani ya san girgizar hanya za ta tsaga alminiyam daga bakin hujin, sai ya haɗa firam na ƙarfe akwatin ya zauna a ciki, ya sa faranti mai faɗi ƙarƙashin kowane noti. Ya kuma san in alminiyam ya jingina da baƙin ƙarfe ruwa na shiga tsakani, farin gari zai fara fitowa, alamar yana ciyuwa, saboda haka sai ya raba su da roba. Yakan shawarci mai mota ya ajiye jak da sauran kaya masu nauyi a ƙasa, ya bar wa kariyar sama tufafi da tamfol, domin motar da kanta ya yi nauyi ita ke kifewa a kwana.

Yau an mai da titin Kefi zuwa Akwanga, Lafiya, Makurɗi tagwaye, kuma tafiyar ta yi sauƙi. Sai dai doyar da ke cika kasuwar Agyaragu ba a kan kwalta take fitowa ba. Daga gonakin Obi da Keana da Doma ake jawo ta, ta hanyoyin da damina ke mayarwa taɓo, rani ya mai da su ƙura, kuma masu shiga can har yanzu da kayan gyaransu suke tafiya.

Ran da akwatin ya tsage har faci ya gagara, ba a jefar da shi. Ɗan gwangwan zai auna shi ya kai wa masu zubin tukwane, sana'ar da ta bazu a Afirka ta Yamma tun shekarun 1940. Za su sare shi gunduwa-gunduwa, su narkar a kan gawayi tare da gwangwanayen lemo da tsohon fistin, su zuba a cikin ƙasar da suka shirya. Washegari an kankare, an goge, an jera a bakin kasuwa, mai tuwo-tuwo ta zo ta taya tukunyar da za ta dafa doyar sakwara.