Wa ke Biya Idan an Yanke Waya? Sake Duban Hukuncin Lalata Tangaraho a Daular Ingila

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a nazarin dokokin mulkin mallaka, mai cewa hukuncin lalata wayar tangaraho ba shi da launin siyasa. A wurin masu shi, doka ce ta kare kayan gwamnati da aka kwafo daga Ingila, kuma yawancin waɗanda ta hau kansu ɓarayin waya ne kawai. Matsayin tangaraho wajen riƙon daula sananne ne (Headrick, 1981). Inda nake jayayya shi ne wurin da wannan ra'ayi ya tsayar da bincikensa.

A takarda suna da hujja. Dokar Ingila ta 1861 kan ɓarnata dukiya da gangan ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba ga wanda ya lalata tangaraho. Sashe na 25 na Dokar Tangaraho ta Indiya ta 1885 ya kai shi shekara uku, ko tara, ko duka biyun, kuma ya shardanta niyya. Tazarar shekara ɗaya ce, ba ta isa a gina tuhuma a kanta ba.

Sai dai waya tana ratsa ɗaruruwan mil na daji ba mai gadi, wanda ya yanke ta da dare kuwa da wuya a kama shi. Don haka tambayar da ta fi yawan shekarun ɗauri nauyi ita ce: wa ke biya idan ba a kama kowa ba? A Ingila, in babu wanda ake tuhuma, babu shari'a. A Yunin 1900, lokacin yaƙin Afirka ta Kudu, kwamandan sojan Ingila Lord Roberts ya yi shelar ƙone gidajen da suka fi kusa da inda aka lalata layin dogo ko waya. A Maris 1919, da Misirawa suka tsinke layukan dogo da wayoyi, sojan Ingila ya yi wa ƙauyukan da ke kusa irin wannan barazanar. A 1942 kuma, ƙauyukan Indiya sun sha tara ta kuɗin goro kan irin wannan ɓarnar. A duka ukun, kusanci ya maye gurbin shaida.

Mai wancan ra'ayi zai ce waɗannan dokokin yaƙi ne da tarzoma, kuma Turawa ma, wato Buwa na Afirka ta Kudu, sun ɗanɗana. Haka ne. Amma Nijeriya ta samu dokar hukunta jama'a baki ɗaya a 1915, a matsayin doka ta dindindin cikin kundin mulkin farar hula. Abin da aka ce larura ce ta fagen fama ya zama kayan aikin jami'in gunduma na yau da kullum.

Sukarsa ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce jami'an mulkin mallaka da kansu suka riƙa dogara da ita: wai ɗora laifin mutum a kan jama'arsa al'adar 'yan ƙasa ce, Bature tarar da ita ya yi. Mai karatu a ƙasar Hausa zai tuna da aƙila a fiƙihun Malikiyya, inda dangin uba ke haɗa diyyar kisan kuskure. A ganina kamancin na sama-sama ne. Aƙila ba ta ɗaukar nauyi sai an tabbatar da wanda ya yi kisan. Tarar waya kuwa rashin gano mai laifin ne ke haifar da ita. Diyya ƙayyadajjiya ce, raƙuma 100 ko dinari 1,000, ana biya cikin shekara uku, kuma magada ke karɓa. Tarar ƙauye, hukuma ce mai ƙara, ita ce mai yanke adadi, ita ce mai karɓa. Abin da ke haɗa aƙila jini ne da gado. Abin da ya haɗa ƙauye da waya shi ne injiniya ya ga dama ya kafa turaku ta gonakinsu ba da shawararsu ba. Yana da wuya a kira wannan ci gaban al'ada.

A nan dole in taƙaita da'awata. Ba na cewa duk wanda ya yanke waya ɗan gwagwarmaya ne. Egbawa a tawayen Adubi na 1918 sun tsinke waya da layin dogo da nufin katse hanyar hukuma, wannan a fili yake. Amma game da Nandi na Kenya, rahotanni sun nuna ana kwasar wayar layin dogon Yuganda don yin kayan ado, ko da yake a tsakiyar turjiyar da ta kai ga kashe jagoransu Koitalel arap Samoei a 1905 ne hakan ya faru. Kuma waɗanda suka rubuta rahotannin su ne masu hukuncin, saboda haka niyyar mai yanka ba ta karantuwa daga gare su da tabbas. Abin da takardun ke iya tabbatarwa ya tsaya kan halin hukumar: sharaɗin niyya da sashe na 25 ya gindaya wa mutum ɗaya, hukuncin kuɗin goro bai nemi a cika shi a kan ko mutum ɗaya daga cikin ƙauyen da aka ci tara ba.