Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Kai Zane Maɗaba'a

Zanen da aka kammala a kwamfuta, ko katin ɗaurin aure ne, ko fostar ɗan takara, ko kalandar makaranta, sauransa fitowa a takarda. A wannan mataki ne aka fi samun saɓani tsakanin mai zane, mai maɗaba'a da wanda ya biya kuɗin aikin.

Galibi launi ne tushen rigimar. Allon kwamfuta da na waya suna haɗa launi da haske iri uku, ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Injin ɗab'i kuwa tawada huɗu yake ɗorawa: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi, wato CMYK. Tawada ba ta iya fitar da duk abin da haske ke nunawa, shi ya sa kore mai ƙyalli kan fito a dushe. Ƙwararren mai zane yakan mayar da aikin zuwa CMYK tun kafin ya nuna wa mai shi, don kada a yi masa alkawarin launin da inji ba zai bayar ba.

Hoto ma yana da ƙa'ida. Abin da za a riƙe a hannu a karanta yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp an riga an matse shi, yakan yi kyau a waya amma ya fito dishi-dishi a takarda. Babban allon talla da ake hange daga nesa bai bukatar ɗigo mai yawa haka.

Ana kuma barin launin bango ya zarce iyakar shafi da milimita 3 ta kowane gefe, domin wuƙar yankan takarda takan ɗan kauce, sai farin layi ya bayyana a baki.

Mai aiki da Hausa yana da ƙarin abin lura. Ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne ke ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ ba. Idan maɗaba'a ta buɗe fayil alhali ba ta da salon da aka yi amfani da shi, haruffan kan rikiɗe su zama akwati, ko kuma ma'aikaci ya cire lanƙwasar don ya huta. Nan take "ƙafa" ta koma "kafa", ma'ana ta sauya. Maganinsa shi ne a mayar da rubutun ya zama zane a manhajar CorelDRAW ko Adobe Illustrator, ko a tura PDF mai ɗauke da salon rubutun a cikinsa.

Yawan kwafi ne ke nuna injin da ya dace. Babban injin faranti, irin waɗanda suka cika Shomolu a Legas, sai an yi wa kowace tawada farantinta, don haka kuɗin farawa na da yawa, amma farashin kowane kwafi na sauka idan an kai dubbai. Kati hamsin ko ɗari kuwa injin dijital ya fi sauƙi da sauri. Nauyin takarda da giram ake auna shi a kowace murabba'in mita: ta ofis 80 ce, katin gayyata kuma yakan kai 300.

Kafin a tayar da inji, mai aiki ya nemi samfuri guda a kan takarda, ya duba sunaye, ranaku da lambobin waya harafi bayan harafi, zai fi kyau ma wani dabam ya sake karantawa. A al'adar sana'ar, kuskuren da ke cikin samfurin da mai aiki ya amince da shi nasa ne, kuma shi zai biya kuɗin sake bugawa.