Abin da Ya Tara Kamfanonin Iri a Zariya

Duk wanda ya daɗe a harkar irin shuka ya san ba kasuwa ce ta tara mu a Zariya ba. Da kasuwa ake bi, da tuntuni Dawanau ta kwashe mu. Samaru ce ta riƙe mu.

A 1922 Turawan mulki suka kafa tashar binciken noma a can, kuma ba don Allah suka yi ba. Masaƙun Ingila ne ke kukan auduga, jirgin ƙasa kuma ya riga ya iso. Kamfanin BCGA, wanda iyayenmu ke kira Bisije, shi ke da injinan gurza a Zariya da Funtuwa. Audugar Allen, 'yar asalin Amurka, a Samaru ake tace irinta, a yawaita shi a gonar Daudawa, sannan a raba wa manoma. A 1962 tashar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta zama cibiyar binciken noma ta IAR.

Iri hawa uku ne. Akwai na hannun mai ƙirƙira, wanda sau da yawa bai wuce 'yan kwanuka ba. Daga shi ake fitar da na tushe, daga na tushe kuma manoman kwangila ke noma wanda muke zubawa a leda mu sayar. Hawan farkon nan shi ne ran sana'ar, kuma a ɗakin ajiyar Samaru yake. Kamfanin da ke Cikaji a nan Zariya, idan ya ga baƙin tsirrai sun ɓullo a gonar irinsa, da hantsi zai ɗauko masanin da ya ƙirƙiro irin ya tsayar da shi a bakin kunya. Na nesa sai ya rubuta takarda ya jira, damina kuwa ba ta jiran amsa. Ga kuma ma'aikata: yawancin waɗanda suka iya zare furen saman masarar layukan mata kafin ya zubar da gari, ko suka san tazarar da ake bari tsakanin gonar iri da ta maƙwabci, a gonakin gwajin cibiyar suka koya. Wasu sai da suka yi ritaya muka ɗauke su, kuma a ganina sun fi kowane inji da muka taɓa saya amfani.

Masifa ma ta koya mana darajar maƙwabtakar. A 1975 kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin Arewa, dalar gyaɗar Kano da fari ya riga ya girgiza ta ƙarasa rushewa. An kwashe shekaru masu yawa ana aiki tare da cibiyar binciken ICRISAT kafin a samu irin su SAMNUT 24, mai saurin nuna da jure cutar. A 1988 kuma, da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanonin malta da na giya suka rasa madafa, sai ga gajerar kaura SK5912 tana nan a Samaru a shirye. Dawar tuwo ta zama kayan masana'anta.

Masara mai aure daga cibiyar IITA ta Ibadan ta fito wajen 1984, amma a Zariya ta samu gida. Kamfanin da yau ake kira Premier Seed shi ya shigar da sunan masarar Oba bakin manoman Giwa da Saminaka.

Tun zamanin shirin tsuke bakin aljihu na SAP kuɗin bincike ya ja baya, masana da dama suka tsallaka waje. Yau akwai kamfanonin iri a Kano da Gusau, ga na ƙetare irin su Seed Co da ke zuwa da nasu irin, ba sa jiran kowa. Duk da haka, da aka saki waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar ƙwanso a 2019, duk mai son sayar da shi sai da ya bi hanyar Sakkwato ya shiga Samaru neman irin tushe.