Lofen Kakana da Ƙaramar Lambar da Ke Jikinsa

A gidanmu da ke zangon Kumasi akwai wani lofe baƙi mai ɗigon fari a bakinsa. Tun ina yaro ake ce mana wani hafsan Bature ne ya ba kakanmu shi a Bama a 1944, lokacin da sojojin Gold Coast ke fafatawa da Japan. Ni ba mashayin taba ba ne, amma da lofen ya faɗo hannuna sai na so in karanta rubutun da aka buga a jikinsa. Na ga DUNHILL, na ga MADE IN ENGLAND, sai wata 'yar ƙaramar 6 da layi a ƙarƙashinta.

Abin da ya fara ba ni mamaki, icen ma ba na Ingila ba ne. Dunƙulen saiwar wani ƙaramin itace ne da ke tsiro a tsaunukan gaɓar Bahar Rum, irin su Kosika da Girka da Italiya da arewacin Aljeriya. Yana da tauri, wuta ba ta cinsa da sauƙi. Masassaƙan garin Saint-Claude a Faransa ne suka shahara da shi tun tsakiyar ƙarni na 19, daga baya London ta karɓe suna.

Alfred Dunhill ya buɗe kantin tabarsa a titin Duke a 1907, ya fara ƙera lofe a 1910. Ɗigon farin nan ya zo a 1912, amfaninsa kawai a gane gefen bakin da zai kalli sama in an mayar da shi. A 1917 ya yi rajistar nau'in Shell, wanda ake fesa wa yashi da ƙarfi har jijiyoyin icen su fito rauɗi-rauɗi. Icen Aljeriya ya fi laushi, shi ya sa sassaƙar yashin ta fi zurfi a tsofaffin Shell, masu tarawa kuma suke rububinsu.

Lambar shekara kuwa ba don masu tarihi aka ƙirƙiro ta ba. A farkon shekarun 1920 kamfanin ya yi alkawarin gyara ko musanya duk lofen da ya lalace cikin shekara guda. To ta yaya za a gane mai gaskiya daga wanda ya kawo tsohon lofensa yana rantsuwa jiya ya saya? Sai aka riƙa buga lamba a jiki. Dabarar tsare aljihu ce ta ɗan kasuwa, yau ta zama shaidar haihuwa.

Sauran gidaje ba su da wannan sauƙin. Lofen Barling ko Charatan sai an duba salon rubutun suna, ko a dogara da zoben azurfa in akwai. Hatimin azurfar Ingila yana magana: zaki mai tafiya na nufin azurfa ce ta gaske, kan damisa London ce, anka Birmingham ce, harafi guda kuma shekara. Sai dai zoben shekarar kansa yake faɗa. Mai gyara na iya sa shi bayan shekaru don rufe tsagewa. Bakin lofe ma ana canzawa, don haka ɗigon fari shi kaɗai ba hujja ba ne.

Na dawo kan namu. Dunhill na buga lambar rajistar ƙirarsa a jikin lofe har zuwa wajen 1954, daga nan ya daina. Namu ba shi da ita. Rashinta, haɗe da ƙaramar 6 mai layi, 1956 ke nan. Da 6 ɗin babba ce daidai da sauran haruffa, da 1966 ce. Ko ta wace hanya, an sassaƙa shi shekara 11 aƙalla bayan an gama yaƙin.

Kakana ya je Bama, takardar sallamarsa tana nan. Lofen ne bai je ba. Ya yi gadi a gidan wani Bature bayan dawowarsa, ina zaton can ya samo shi gab da 'yancin kan 1957, labaran biyu suka cakuɗe a bakin 'ya'ya.

Gwaggona ce ta fi kowa ba da labarin Baman. Da ta tambaye ni abin da rubutun ya ce, na ce mata, "Gwaggo, na Ingila ne na asali." Ta ce dama ta sani.