Manyan furosesa na kwamfuta: Wanne ne ya dace da wane aiki?

Masu haɗa fina-finan Hausa a titin Gidan Zoo da ke Kano sun san zaman jiran da akan yi bayan an gama yanka da jera hotuna, lokacin da kwamfuta ke dunƙule aikin ya zama fim guda.

Zaman kan ɗauki mintoci, wani lokaci kuma sa'o'i. Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da shi, sau da yawa sai an koma farko.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ƙayyade tsawon wannan jira shi ne furosesa, wato ɗan ƙaramin ɓangaren da ke yin lissafin da kwamfuta ke aiki da shi, wanda wasu ke kira ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Tsakanin furosesa mai ƙarfi na kwamfutar tebur da wanda aka ƙera domin ƙwararru akwai tazarar farashi da kan haura ninki goma. Sai dai ba kowane aiki ne ke cin moriyar wannan tazara ba.

Daga kaset zuwa 4K

Ana danganta somawar masana'antar fina-finan Hausa ta Kano da fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990. A wancan zamani a kaset ake ɗauka, a kaset kuma ake haɗawa.

Daga baya aikin ya koma kan kwamfuta. Buɗe tashar Arewa24 a 2014, da yawaitar fina-finai masu dogon zango a YouTube tun daga wajejen 2020, sun sa ana bukatar sabon kashi kusan kowane mako.

Hoton ma ya ƙara nauyi. Hoton da ake kira 4K na ɗauke da ɗigo kimanin miliyan takwas da dubu ɗari uku, wato ninki huɗu na hoton 1080.

Ba 'yan fim kaɗai ke da wannan bukata ba. Masu zanen gine-gine, da injiniyoyi, da masu bincike a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, har da mai ɗaukar bidiyon biki a Shinkafi ko Zurmi, duk sukan fuskanci tambaya ɗaya idan za su sayi na'ura.

Abubuwan da ake dubawa

Furosesa na farko da kamfanin Intel na Amurka ya fitar kasuwa, mai lamba 4004, ya fito ne a 1971 da tiranzista kimanin 2,300. Na yanzu na ɗauke da biliyoyi.

Abu na farko da akan duba shi ne gudu, wanda ake aunawa da gigahaz. Gigahaz ɗaya na nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa.

Na biyu shi ne yawan cibiyoyi. Kowace cibiya tamkar ma'aikaci guda ce mai cin gashin kanta. Har zuwa farkon shekarun 2000 kwamfutocin gida cibiya ɗaya gare su, sai a 2005 Intel da abokin hamayyarsa AMD suka fitar da masu cibiya biyu.

Na uku shi ne yawan hanyoyin da ke tsakanin furosesa da ma'adanar wucin gadi ta RAM, da kuma layukan da ake jona katin hoto da faifan ajiya a kansu.

Na huɗu shi ne wutar da yake ci, wadda kusan dukkanta ke komawa zafi.

Rukunin tebur

A sahun gaba na wannan rukuni akwai Core i9-14900K na Intel, wanda ya fito a watan Oktoban 2023. Yana da cibiyoyi 24, takwas manya, goma sha shida ƙanana, kuma gudunsa kan kai gigahaz shida.

Shekara guda bayan haka Intel ya fitar da Core Ultra 9 285K, shi ma mai cibiyoyi 24.

A ɓangaren AMD akwai Ryzen 9 9950X na watan Agustan 2024, mai cibiyoyi 16 dukkansu manya, wanda aka soma sayarwa a kan dala 649.

Dukkan waɗannan hanyoyi biyu kawai gare su zuwa ga RAM, kuma layukansu na jona kaya ba su kai talatin ba. Wannan ya ishi katin hoto ɗaya da faifan ajiya biyu ko uku.

A watan Yulin 2024 Intel ya amince cewa wasu daga cikin furosesa na zubi na 13 da na 14 suna samun tangarɗa saboda ƙarfin wutar da ke shiga cikinsu ya wuce kima. Kamfanin ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekaru biyu a kan wa'adin garanti. Mai sayen irinsu na hannu yana da bukatar sanin wannan tarihi.

Rukunin ƙwararru

Intel ya daɗe yana riƙe da wannan fage da samfurinsa na Xeon, wanda ya soma fitowa a 1998.

Lamarin ya sauya a watan Agustan 2017, lokacin da AMD ya fito da Threadripper 1950X mai cibiyoyi 16 a kan dala 999. A wannan shekarar Intel ya mayar da martani da Core i9-7980XE mai cibiyoyi 18, wanda kuɗinsa ya kai dala 1,999.

A 2020 AMD ya kai cibiyoyi 64 da samfurin 3990X, sannan a watan Nuwamban 2023 ya kai 96 da Threadripper Pro 7995WX, mai farashin kusan dala dubu goma. Wanda ya gaje shi a 2025, mai lamba 9995WX, shi ma cibiyoyi 96 gare shi.

Intel kuwa ya fitar da Xeon w9-3495X mai cibiyoyi 56 a 2023, da w9-3595X mai 60 a 2024.

Manyan wannan rukuni suna da hanyoyi takwas zuwa ga RAM, da layukan jona kaya sama da ɗari, ta yadda za a iya ɗora musu katin hoto uku ko huɗu.

Suna kuma aiki da nau'in RAM da ake kira ECC, wanda ke gano ƙananan kurakurai ya gyara su da kansa. Wannan na da muhimmanci ga lissafin da zai kwana biyu ko uku yana tafiya, inda kuskure ɗaya zai iya ɓata sakamakon baki ɗaya.

Kuɗin furosesa ɗin somin taɓi ne, domin babban allon da ake ɗora shi a kai, da RAM ɗinsa, da na'urar sanyaya shi, duk na musamman ne masu tsada.

Hanyar Apple

Kamfanin Apple ya rabu da Intel ya soma amfani da furosesa na kansa daga watan Nuwamban 2020, da samfurin M1.

Kwamfutar Mac Studio mai M3 Ultra, wadda ta fito a watan Maris na 2025, tana da cibiyoyi har 32.

An san su da ƙarancin cin wuta da rashin ƙara. Matsalarsu ita ce RAM a liƙe yake, ba a ƙara shi bayan an saya, kuma wasu manhajojin injiniyoyi a kan Windows kaɗai suke aiki.

Iyakar yawan cibiyoyi

A 1967 wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Gene Amdahl, ya nuna cewa kowane aiki na da ɓangaren da ba ya rabuwa, kuma wannan ɓangare ne ke sanya iyaka ga saurin da za a samu.

Manoma sun san haka. Idan aka tara gayya, mutum ashirin za su nome gona cikin yini guda, amma ko mutum ɗari aka tara gero ba zai nuna kafin lokacinsa ba.

A misali, idan kashi goma cikin ɗari na aiki ba ya rabuwa, cibiyoyi 16 za su ninka sauri kusan sau shida da rabi. Cibiyoyi 96 kuwa sau tara da ɗan ɗoriya kawai za su ninka shi. Wato an ninka cibiyoyi sau shida, amma ƙarin saurin bai kai rabi ba.

Ga kuma wani abu. Furosesa mai cibiyoyi da yawa kan rage gudun kowace cibiya domin kada zafi ya yi yawa. Saboda haka a aikin da cibiya ɗaya ke ɗauke da nauyinsa, na tebur kan tsere wa wanda ya ninka shi tsada sau goma.

Wane aiki, wane furosesa?

Manhajar zanen gini ta AutoCAD ta fi dogara ne da cibiya ɗaya, haka ma ayyuka da yawa a Photoshop. A nan gudu ake nema, kuma na tebur ya wadatar.

Haɗa bidiyo a Premiere Pro ko DaVinci Resolve na amfana da ƙarin cibiyoyi, amma zuwa wani mataki. Daga nan katin hoto da saurin faifan ajiya ne ke yin tasiri, musamman a DaVinci Resolve.

Akasarin furosesa na Core suna da wani sashe da ake kira Quick Sync, wanda ke warware nau'in bidiyon da wayoyi da ƙananan kyamarori ke ɗauka. Threadripper da manyan Xeon W ba su da shi, haka ma samfuran Core masu harafin F a ƙarshen lambarsu.

Inda rukunin ƙwararru ke nuna fifiko shi ne aikin da ke rabuwa gunduwa-gunduwa, kamar fitar da zane mai motsi a manhajar Blender, da kwaikwayon yadda ruwa ko iska ke gudana, da tace tarin bayanan bincike, da harhaɗa manyan manhajoji.

Horar da ƙirƙirarriyar basira kuwa a kan katin hoto ake yin akasarinsa, galibi na kamfanin Nvidia. Amfanin babban furosesa a nan shi ne yawan katunan da zai iya ɗauka.

Wuta da zafi

An ƙayyade wa Ryzen 9 9950X wat 170, Core i9-14900K kan kai wat 253 idan aiki ya yi nauyi, manyan Threadripper kuwa wat 350. Wannan furosesa ne kaɗai, ban da katin hoto da allon kallo.

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Da wannan farashi, na'urar da ke jan wat 700 na tsawon sa'o'i goma za ta ci yunit bakwai, wato naira 1,575 a yini.

Ga wanda ya dogara da janareta lissafin ya wuce haka, tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Wanda ke amfani da sola kuwa, a ƙauyuka irin su Gurbin Ɓore ko ma a cikin birni, duk ƙarin wat ɗari na nufin ƙarin faranti da batir da inbata mai ƙarfi.

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Gusau da Sakkwato. Furosesa kan rage gudunsa da kansa idan ya kusanci digiri 95 zuwa 100, domin kada ya lalace. A ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, mutum zai iya biyan kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa samu ba.

Ƙurar hunturu ma kan toshe fanka da ragar sanyaya na'ura, don haka sai ana sharewa a kai a kai.

Kayan hannu

Da dala ake shigo da waɗannan kaya. Bayan da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024.

Wannan ya sa da dama ke karkata ga na'urorin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda akan nema a titin Beirut na Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ke Legas.

Daga cikinsu akwai HP Z440 da Z840, da Dell Precision, masu ɗauke da Xeon E5 na tsakanin 2014 da 2016. Mafi girma a cikin waɗannan, E5-2699 v4, yana da cibiyoyi 22, kuma Z840 kan ɗauki furosesa biyu.

Na'urori ne masu juriya, RAM ɗinsu kuma na da sauƙin kuɗi. Amma kowace cibiya tasu ba ta kai ta matsakaicin furosesa na yau gudu ba, sannan suna cin wuta.

Haka kuma kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga watan Oktoban 2025, alhali waɗannan tsofaffin Xeon ba sa cikin jerin waɗanda ya amince su ɗauki Windows 11.

Kafin a biya kuɗi

Sunan samfuri kan ruɗi mai saye. Core i7 na farko ya fito ne a 2008, kuma an yi ta fitar da wasu da wannan suna fiye da shekaru goma bayan haka. Cikakkiyar lambar ce ke nuna zubi da shekaru.

Gwaje-gwaje irin su Cinebench na bayar da maki biyu, na cibiya ɗaya da na dukkan cibiyoyi. Mai zanen gini na farkon zai duba, mai fitar da zane mai motsi kuma na biyun.

Ga akasarin masu haɗa fim da bidiyon biki, furosesa na tebur mai cibiyoyi takwas zuwa 16, da katin hoto mai kyau, da isasshen RAM, da batirin da zai riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, sun fi babban furosesa guda da ya cinye jarin baki ɗaya.

Rukunin ƙwararru kan biya kuɗinsa ne a wurin da na'ura ke aiki dare da rana, aikin kuma yana rabuwa, sannan akwai tsayayyiyar wuta da sanyin da za su riƙe ta.