Zanen Duwatsun Birnin Kudu: Wa Zai Ba da Labarinsu?

A kewayen garin Birnin Kudu, kudancin Jihar Jigawa, akwai manyan duwatsu masu koguna waɗanda mutanen da can suka yi zane a jikinsu. Waɗanda aka fi sani su ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, shi ne ya fito da labarinsu ga masana a shekarun 1950, duk da cewa mutanen gari sun san da su tun kaka da kakanni. A yau suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma tana da cibiyar bayani kan zanen a garin.

Akasarin zanen na shanu ne, da jan launi ko fari. Abin lura shi ne yawancinsu ba su da tozo: wasu masu dogon ƙaho, wasu masu gajere irin na muturu. Duk wanda ya leƙa kasuwar kara a Jigawa ya san shanun yau masu tozo ne. Masana sun nuna cewa marasa tozo sun riga su isowa Yammacin Afirka, don haka waɗannan duwatsu shaida ce ta wani zamanin kiwo da ya shuɗe kafin a fara rubuta tarihin yankin. Irin wannan zane yana nan a Geji da Shira ta Jihar Bauchi, abin da ke nuna cewa ba aikin ƙauye ɗaya ba ne.

Kusa da zanen akwai duwatsun kiɗa, waɗanda ke amo kamar ƙarfe idan an buga su da ƙaramin dutse, kuma gurbin bugun shekara da shekaru ya fito a jikinsu. Fagg ya rubuta cewa amare kan je Dutsen Murufu da ƙawayensu kafin a kai su ɗakin miji. A nan ne muhimmancin mutanen gari ya bayyana. Masanin kimiyya zai iya auna launi, ya kwatanta siffar ƙaho, amma waƙar da 'yan mata ke yi, da lokacin da ake zuwa, duk suna bakin tsofaffin mata ne. Babu allon bayani da zai maye gurbinsu.

Ostireliya ma ta fuskanci irin wannan tambaya ta wa zai ba da labarin zanen duwatsu. A jihar Biktoriya akwai gandun ƙasa na tsaunukan Grampians, waɗanda 'yan asalin wurin ke kira Gariwerd, inda mafi yawan zanen duwatsu na jihar yake. A 1990 aka buɗe cibiyar al'adu ta Brambuk a gefensa, bisa jagorancin al'ummomin asali, ciki har da Jardwadjali da Djab Wurrung, domin baƙo ya ji labarin ƙasar daga bakin masu ita kafin ya hau dutse.

Sai dai kwatancen yana da iyaka. Can zuriyar masu zanen suna raye, suna danganta kansu da shi. A Birnin Kudu kuwa babu wata zuriya da aka tabbatar ita ta gaji masu zanen. Haƙƙin mutanen gari ya samo asali ne daga zama da wurin da amfani da shi, kuma wannan ba ƙaramin haƙƙi ba ne, domin su ne ke noma a gindinsa, 'ya'yansu ke wasa a kansa, a hannunsu kuma tsirarsa take daga masu fasa dutse da masu rubuta sunayensu a kan zane.

Akwai masu ɗari-ɗari da wuraren saboda suna ganinsu ragowar jahiliyya. Damuwarsu abin saurare ce, amma adana shaida daban, bauta daban. Malaman da suka rubuta tarihin Kano ba su ɓoye labarin Barbushe da Dutsen Dala ba, kuma hakan bai rage musu imani ba.

Saboda haka, darajar cibiyar Birnin Kudu tana ga yadda mutanen gari suke ɗaukarta tasu. Ya dace bayaninta ya kasance da Hausa da Fulfulde, a horar da matasan gari su zama 'yan rakiya, ɗaliban firamare na Birnin Kudu da Gwaram su riƙa zuwa kowace shekara. Abin da ba ya jira shi ne naɗar muryoyin dattawa, kuma Masarautar Dutse da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna da ikon fara wannan aiki tun yanzu.