2.3 Tarihin Ƙa'idar Tayi da Amincewa a Dokar Ƙulla Yarjejeniya

A wannan sashe za a bi diddigin yadda ƙa'idar tayi da amincewa ta samu gindin zama a dokar Ingila, wadda Nijeriya ta gada a zamanin mulkin mallaka. Ita dai wannan ƙa'ida ba majalisa ce ta tsara ta ba. Alƙalai ne suka gina ta sannu a hankali daga ƙararrakin da aka kawo gabansu a ƙarni na 19.

Da farko akwai shari'ar Adams da Lindsell ta shekarar 1818, a kan cinikin ulu ta hanyar wasiƙa. Mai kaya ya yi kuskuren adireshi, wasiƙar tayinsa ta makara, amsa ma ta makara, sai ya sayar wa wani. Kotu ta ce ciniki ya ƙullu tun lokacin da mai saye ya jefa amsarsa a gidan waya, don haka mai kaya ya karya yarjejeniya.

Sai kuma shari'ar Hyde da Wrench ta 1840. Wrench ya sa wa gonarsa kuɗi fam 1,000, Hyde ya taya fam 950, aka ƙi sallama masa. Daga baya Hyde ya dawo ya ce ya yarda da fam 1,000. Kotu ta ce ya makara, domin sabon tayi yana kashe na farko. Wato fam 50 ta raba shi da gona.

A 1892 kotun ɗaukaka ƙara ta faɗaɗa ƙa'idar a shari'ar Carlill da kamfanin Carbolic Smoke Ball. Kamfanin ya yi tallar zai biya fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa yadda aka tsara kuma mura ta kama shi, har ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki. Kotu ta ce wannan tayi ne ga kowa da kowa, cika sharaɗin kuwa shi ne amincewa, don haka dole a biya matar.

Idan aka lura, tushen al'amarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A kasuwa mai saye yakan taya, mai kaya ya ce "albarka" ko ya sallama, a fiƙihu kuma akwai ijabi da ƙabuli. Abin da waɗannan shari'o'i suka fayyace shi ne lokacin da magana ke zama tilas a kan mai ita.